Dutsen Taimamar Malam Datti

Dutsen bai wuce cikin tafin hannu ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, gefe ɗaya a dunƙule, ɗaya gefen a shafe sumul kamar bayan faranti. Malam Datti ya ɗora shi a cinya, ya yi bisimilla, ya buga tafukansa a kai, ya shafi fuskarsa a hankali yana kauce wa bandejin da ke idonsa na hagu. Ya sake bugawa, ya shafi hannuwansa har gwiwa. Da ya gama ya mayar da shi ƙarƙashin matashin kai, inda carbinsa da ɗan rediyonsa suke zama.

'Yarsa Lubna tana tsaye a bakin ƙofa da filas ɗin kunu. Kwana goma sha tara ke nan tana kallon wannan taimama, kuma babu ranar da ba ta ji kamar ta nutse a ƙasa ba. Duk gidan ita kaɗai ta san abin da mahaifinta ke bugawa yana shafawa a fuska. Kashin kada ne.

Ba na jiya ba ne, ba na bara ba. Wani kada ne ya yi shi shekara wajen miliyan sittin da suka wuce, lokacin da teku ke kwance a inda ƙasar Sakkwato take a yau. Laka ta binne shi, zamani ya bi ta kansa, ya sandare ya koma dutse. Ba ya wari, ba ya ɓata hannu, in ka buga shi da ƙarfe ƙara yake yi. Amma Lubna ta san daga inda ya fito, kuma sanin ne ya hana ta sakat.

Yadda abin ya faru ba wani dogon labari ba ne. Idon Malam na dama ya daɗe da dushewa, na hagun ake fata, shi aka yi wa aikin yanar ido. Da yake yana da ciwon suga, likita ya rufe idon na mako uku, ya kuma ja kunne cewa kar ruwa ya kusanci fuskarsa. Lubna ta ɗauki hutu a wurin aiki don jinya. Kullum da safe takan taso daga gidanta a Mando zuwa Unguwar Kanawa, kuma don kar aiki ya taru mata sai ta kwaso akwatin duwatsunta ta jera su a teburin tsohon ɗakinta, kowanne a kan audugarsa. Ranar da aka dawo daga asibiti mahaifiyarta, Mama Rabi, ta shiga neman dutsen taimama. Gidan kuwa an malale shi da siminti tun shekarar da Malam ya yi ritaya, ko tsakuwa ba ka tsinta. Ta leƙa ɗakin Lubna, ta ga duwatsu a jere, ta zaɓi wanda ya fi kyau.

Lubna ta dawo daga kemis ta tarar har an yi azahar da shi.

"Dakta, Allah ya yi miki albarka," in ji mahaifinta yana shafa dutsen. Haka yake kiranta tun da ta gama digiri na uku. "Kamar don hannuna aka yi shi."

A nan ya kamata ta yi magana. Kalma biyar ta isa. Sai ta ji bakinta ya ce, "Amin, Baba."

Wanda bai san gidan ba zai ce mene ne abin wuya a ciki. Abin wuyar shi ne Malam Datti duba-gari ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana yawo unguwa-unguwa cikin kaki, ludayi a hannu ɗaya, tocila a ɗaya, yana leƙa randunan mutane da kwata da masai. Mutum ne da ba ya cin abinci sai ya wanke hannu sau biyu, ba ya kuma barin 'ya'yansa su kai loma sai sun buɗe masa tafukansu ya duba ciki da baya. Su biyar suka tashi babu wanda tsutsar ciki ta taɓa kamawa, kuma yana faɗin haka da irin alfaharin da wasu ke faɗin sau nawa suka je Makka. Amma a makarantar boko ba wannan ake gani ba. A can sunan Lubna 'yar mai leƙa masai, in ta wuce kuma akwai masu toshe hanci.

Shi ya sa take son zuwa Rafin Guza, gidan su Bara'atu ƙawarta ta Islamiyya, inda babu wanda ya san 'yar wane ce. Wata Asabar, tana aji biyar, suna tsakar gida suna tsinke zogale, sai aka ji ihu daga lungu wai ga duba-gari nan. Mata suka hau rufe tukwane, masu zubar da ruwan randa na yi, masu shara na yi. Malam Datti ne, ya yi sallama sau uku ya shigo. Ya tsoma ludayi a randa ya ɗaga shi wajen haske, ya bi kwata da ido, ya shiga masai ya daɗe. Da ya fito yana rubutu a littafinsa, Harira uwar Bara'atu ta ce yadda kowa zai ji, "Mutum da gemunsa ya rasa sana'a sai leƙa bayan gidan mutane."

Ɗago kai kawai ya yi, idonsa ya faɗa kan Lubna, ya tsaya.

"Ke, kin san shi ne yake kallonki haka?" in ji Harira.

"A'a," in ji Lubna.

Ya mayar da idonsa kan littafin. Ya ƙarasa rubutunsa ya ce, "A samar wa masan nan murfi, akwai yara a gidan." Ya yi sallama ya fita. Da yamma ya dawo gida da rake kamar kullum, ya yanka, ya miƙa mata gaɓarta. Daga ranar har yau, shekara ashirin da shida, bai taɓa ɗaga maganar ba, ita ma ba ta taɓa ba.

Da ta shiga jami'a a Zariya ta zaɓi ilimin ƙasa da duwatsu, don a lissafinta babu abin da ya kai dutse nisa da masai. Allah da ikonsa, malamin da ya duba digirinta na biyu ya dire mata buhu guda na waɗannan dunƙulallun duwatsu, waɗanda aka tsinto a wani tsauni a ƙasar Sakkwato, ya ce ta gano masa abin da dabbobin suka ci. Ta karɓa tana yatsina. Kafin shekara ta zagayo ta kamu da son aikin, son da ba ta iya gaya wa kowa ba. A cikin dutse ɗaya takan ga ɓawon kifi da ƙayarsa, abincin yini guda na wata dabba da ta mutu tun duniya ba ta san ɗan Adam ba.

A gida kuwa abin da take cewa shi ne binciken duwatsu. Malam Datti ya ɗauki wannan ya ƙara masa gishiri da kansa, wai 'yarsa tana cikin masu nemo wa Arewa man fetur. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a layin 'yan fansho, ya faɗa wa mai aski. Ita kuma ba ta taɓa gyara masa ba, don gaskiya man fetur ɗin ya fi daɗin ji.

Dutsen taimamar nan shi ne na goma sha huɗu a akwatinta, shi ne kuma mafi daraja. A bara ne ta raba shi biyu da zarto, shi ya sa gefensa ɗaya ya yi sumul. Ɓari ɗaya ta goge shi har ya fi ɓawon albasa siranta, ta sa shi a madubin likita. Sai ga su nan, ƙwai ashirin da uku na tsutsar ciki, sun zama dutse tare da abin da ya ɗauko su. Ashe wannan kada, duk girmansa da haƙoransa, tsutsa na cinsa ta ciki. Ranar ta zauna a ɗakin bincike ta yi hawaye don murna. Ta ɗauki waya, ta san sarai wane ne mutum ɗaya a duniya da zai fi kowa gane abin da ta gani, har ta nemo lambar mahaifin nata. Sai ta fasa, ta kira Dakta Tijjani abokin aikinta.

Shi ɗin ne ya kira ta a wannan Litinin, bayan ta ajiye kunun ta fito tsakar gida. Ana yayyafin Agusta.

"Masu mujallar da muka aika wa binciken sun amsa," in ji shi. "Sun yarda da hotunan, amma suna so a sa ɗaya ɓarin a na'urar da ke leƙa cikin dutse ba sai an fasa shi ba. In an ga ƙwan a can ma, magana ta ƙare. Alhamis da safe zan tafi da shi. Yana wurinki ko?"

"Yana nan."

"Kin dai adana shi? Kin san damina."

"Babu abin da ke taɓa shi," in ji Lubna, ta runtse ido.

Ba mujallar ce ke cin ranta ba, sallolin ne. Kwana goma sha tara sau biyar, ta lissafa ta sake lissafawa, casa'in da biyar. Ta bincika a waya, ta ga masu cewa abin da ya rikiɗa ya bar asalinsa ya tsarkaka, ta ga masu ja da haka. Malami kuwa ba ta iya tunkara ba, don tambayarsa ta farko ita ce wane ne, ta biyu kuma me ya kai irin wannan abu gidan. Faɗa wa Baba mene ne dutsen yana nufin faɗa masa mene ne aikinta, da dalilin ɓoye shi. Kowace rana da ta yi shiru, sallah biyar ta ƙaru a kan waɗanda za ta amsa.

Ranar Talata ta yanke shawarar da matsorata ke yankewa. Ta tuƙa mota zuwa Rafin Guza, ta gangara bakin ruwa inda masu yashi ke lodi, ta tattare zani tana tsintar duwatsu, leburori suna kallon ikon Allah. Ta sami ɗaya mai santsi, girmansu kusan ɗaya. A hanyar komawa ta wuce ta bakin lungun su Bara'atu, ba ta juya kai ba. Ta wanke dutsen da sabulu, ta jira barcin hantsi ya ɗauke Malam, ta zura hannu ƙarƙashin matashi ta musanya.

Da aka kira azahar ya lalubo dutsen. Ko a cinya bai ɗora shi ba.

"Rabi! Wa ya taɓa min shimfiɗa?"

Mama Rabi ta shigo tana goge hannu a zani. "Me kuma ya faru, Malam?"

"Wannan ba nawa ba ne. Nawa yana da fuska a shafe, ga ɗan tudu a nan inda babban yatsana ke zama. Wannan dutsen rafi ne."

"To dutse ba dutse ba ne?"

"Ido aka rufe min, ba hannu ba." Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, inda ya san Lubna na tsaye. "Dakta, in kina bukatar abinki ki faɗa, ai ba zan hana ki kayan aikinki ba. Sai dai ki gaya min me ke cikinsa da har za a zare shi ƙarƙashin kan mai barci. Zinariya ce?"

Da wasa ya yi tambayar, amma jira yake a amsa.

"Wanke shi na yi, Baba."

"Me ya taɓa shi?"

"Ƙura."

"A watan Agusta?" in ji shi. Amma bai ja ba, hannu kawai ya miƙo.

Ta je ta ɗauko na asalin, ta sa masa a tafin hannu da kanta, ta tsaya ta ga ya buga ya shafa a fuska. Wannan karon ba kuskuren Mama ba ne.

Laraba da safe aka koma asibiti aka cire bandeji. Malam Datti ya dawo da sabon ido, gida kuwa ya shiga uku. Tun daga ƙofa ya hango yanar gizo-gizo a kusurwa, ya ga kwata ta yi kore, ya ga murfin randa a karkace. Mama Rabi ta ce da ta sani da ta roƙi likita ya ƙara masa wata guda a rufe. Likitan dai ya ce a ƙara kwana bakwai babu ruwa a fuska, don haka da azahar ta yi Malam ya zauna a bakin gado ya jawo dutsensa. Karo na farko ke nan da ya gan shi. Ya jujjuya shi, ya kai shi wajen taga.

"Akwai rubutu a bayansa. Goma sha huɗu." Ya dubi Lubna da ke ninke kaya. "Mu a wurin aiki, abin da za a kai ɗakin gwaji shi muke sa wa lamba. Wannan na mene ne?"

Ta ajiye kayan. Ta durƙusa a gaban gadon yadda take yi tana yarinya in ta fasa kofi. Maganar da ta yi kwana ashirin da ɗaya tana shiryawa a ranta ta watse, abin da ya fito guntu-guntu ne, daga teku sai Sakkwato sai laka sai shekara miliyan sittin.

"Miliyan sittin," in ji shi. "Wa ya ƙirga? To, na ji. Mene ne shi?"

"Bayan gida ne, Baba. Na kada. Ya zama dutse."

Mama Rabi da ke bakin ƙofa ta saki salati. Ta zo ta fizge rigar matashin kai, ta yi waje da ita tana riƙe da yatsa biyu. Ba a jima ba aka ji famfo na zuba.

Malam Datti ya ajiye dutsen a kan tebur a hankali, ba jefarwa ya yi ba. Ya buɗe tafukansa yana kallonsu.

"Yaushe kika san da shi nake taimama?"

"Tun ranar farko."

"Har jiya da kika miƙo min."

"Eh, Baba."

Ya gyaɗa kai sau biyu. "Ba ni wancan na rafin. Lokaci na wucewa."

Ta ɗauko masa. Ya yi taimama, ya yi sallarsa a zaune, ya daɗe yana addu'a. Lubna ta koma dandamalin ƙofa ta zauna, kunya ta lulluɓe ta har ba ta jin yayyafin da ke jiƙa mata ƙafa. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Mace mai 'ya'ya uku, mai digiri uku, ga ta nan ta bar tsohon da ko farcensa ba ya bari ya yi datti ya yi sallah ɗari da ɗoriya cikin abin da bai sani ba, don kawai bakinta ya ƙi furta kalma ɗaya a gabansa.

"Dakta."

Ta tashi ta shiga. Yana zaune inda ta bar shi, idonsa a kan dutsen.

"Ba a sa wa abu lamba a banza. Me kike nema a cikinsa?"

Ta ɗauko kwamfutarta ta buɗe hoton, ta riƙe masa. Ya matso da fuskarsa, ya rufe mataccen idon da hannu, ya daɗe yana kallo.

"Ƙara girmansa." Ta ƙara. Yatsansa ya tsaya dab da gilashin. "Wannan ai ƙwan tsutsa ne. Ga murfinsa nan a kai kamar na buta. Masu murfin nan, mu a cikin masu cin ɗanyen kifi muka fi sanin su. Me ya ci?"

"Kifi, Baba. Ga ƙayar nan a gefe."

"Na faɗa miki."

Muryarsa ta canja. Murya ce da Lubna ba ta ji ba tun ranar da ya rataye kaki. Ya ba ta labarin yadda a makarantar koyon tsafta a Kano aka zaunar da su gaban madubin likita wata uku suna zana ƙwayayen nan da fensir, har sai da mutum ya iya rarrabe su daga kallo ɗaya. Ya bi mata hanyar tsutsar daki-daki, daga ƙwai zuwa ruwa, daga ruwa zuwa ɗan ƙwaron da ido ba ya gani, daga shi zuwa kifi, daga kifi zuwa cikin mai tsautsayi. Ya tambaye ta nawa ta ƙirga, da ko duka suna da murfi, da ko ta duba sauran duwatsun.

"A tsakiya kika same su ko a gefe?"

"A tsakiya."

"Yauwa. Na gefe ba shaida ba ne, yana iya zama daga ƙasa ya hau ko daga ruwa. Mu in an kawo mana na gwaji ba ma ɗiba a gefe."

"Tambayar da masu mujallar suka yi ke nan," in ji Lubna a hankali. "Wata huɗu suka ɗauka kafin su yi ta."

Ya ɗan yi murmushi, idonsa bai bar hoton ba. "Ashe tun kafin a yi mutum ake fama da su. Ni kuwa gani nake kamar da ni suka fara." Ya jingina da bango. "Shekara nawa kina wannan aiki?"

"Tara."

"Tara," in ji shi. "Shekara tara kina aikina, ina zaune a nan ina murɗa rediyo, ba ki taɓa tambayata ko abu ɗaya ba."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma bai nemi amsa ba. Lubna ta rufe kwamfutar. Amsar tana Rafin Guza, su biyun duka sun sani.

Bayan la'asar aka yi sallama. Malam Isa ne limamin unguwa, da Alhaji Ila maƙwabcinsu mai sayar da atamfa, sun zo barka da buɗe ido. Aka shigar da su falo. Lubna ta shiga kicin ta haɗa shayi da cincin a tire. Ta iso bayan labulen falon ke nan ta ji muryar mahaifinta, sai ta tsaya.

Ta ɗan tsagar labulen ta ga ya shimfiɗa jarida a kan tebur, dutsen yana tsakiya. Bai yi kwana-kwana ba, bai ce wani mutum ne ba. Ya ce shi ne, kwana ashirin da ɗaya, ga kuma abin da aka ce dutsen yake. Ya tambaya ko akwai ramuwa a kansa.

Malam Isa ya ɗauki dutsen ya auna nauyinsa a hannu. Ya karce shi da farce, ya sunsuna, ya ƙwanƙwasa shi a ƙafar tebur.

"Ni dai dutse nake gani," in ji shi. "Abin da na karanta shi ne, in abu ya rikiɗa gaba ɗaya, babu launinsa na asali babu warinsa, to hukuncinsa ya bi abin da ya koma. Ƙasar nan da muke taimama da ita kullum, wa ya san abin da ta taɓa zama? Ban ga ramuwa a kanka ba, balle ma ba ka sani ba. Zan ƙara dubawa, Allah shi ne masani."

Lubna ta sauke numfashi har kofuna suka yi ƙara a tiren. Rabin nauyin ya sauka. Da ta so, da ta shiga ta ajiye shayin ta fita, gobe dutse ya bi Dakta Tijjani, unguwa ta ci gaba da sanin abin da ta sani.

"Amma tsaya," in ji Alhaji Ila. "Wane mara ta-ido ne ya kawo maka wannan ƙazanta cikin gida? Kai da ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya sauka a gidanka? Ai da ka nuna wa Dakta tun farko, ita da ta san duwatsu. Ko da yake ina ruwan masu man fetur da kashin kada!" Ya bushe da dariya.

Malam Datti ya sauke idonsa kan jaridar, ya ɗan gyara gefenta da yatsa.

"Bar wannan maganar, Alhaji," in ji shi. "Ya kasuwa?"

Lubna ta san wannan sauke idon. Ta gan shi sau ɗaya, tana da shekara goma, da reshen zogale a hannunta. Yau ma rufa mata asiri yake yi, a gaban abokansa, bayan duk abin da ta yi masa. In ta bari, zai rufa har ya mutu, gobe kuma a masallaci zai ci gaba da amsa gaisuwar uban mai man fetur.

Ta yi sallama ta ɗaga labulen. Ta durƙusa ta ajiye tiren, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Muryarta ta fito 'yar ƙarama, dole ta gyara ta sake farawa.

"Ni na kawo shi, Baba Alhaji. Ba man fetur nake nema ba. Kashin dabbobin zamanin da nake dubawa, ina neman ƙwan tsutsa a ciki. Aikin Baba ne nake yi. Nawa dai ya fi daɗewa a ƙasa."

Alhaji Ila da ya riga ya kai hannu kan cincin ya janye shi a hankali, ya sa a aljihu. Malam Isa ya kama gemunsa yana kallon silin. Zafin nan na makarantar boko ya hau wa Lubna fuska, nan take, kamar jiya aka toshe mata hanci. Faɗar ba ta kore shi ba. Amma ba ta tashi ba, ta kai hannu kan butar shayi.

Malam Datti bai dube ta ba tukuna. Ya naɗe dutsen a jaridar kusurwa bayan kusurwa, yadda aka koya musu naɗe abin da za a kai ɗakin gwaji, ya tura shi gefenta. Sannan ya ɗago.

"Dakta," in ji shi, "kin wanke hannu?"

Ta saki butar. Ta buɗe masa tafukanta, ta juya bayansu. Ya sunkuyo ya duba da sabon idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya gyaɗa kai ya ce ta zuba musu.